Ranar da Shanu Suka Yi Layi a Tudun Marke

A shekarar da Turawa suka ce kowane gari mai kasuwa ya kafa majalisarsa, sai aka ɗan gutsuro wani abu daga harajin Tudun Marke, wani gari da ke tsakanin Isa da Sabon Birni, aka ce wa mutanen garin ga nasu nan, su zauna su zaɓi aikin da za a fara yi musu bana. Kuɗin ba wasu masu auki ba ne. Aiki ɗaya za su iya, shi ma sai an haɗa da gayya. To, ai kuwa sai Kalilu ya ji kamar dominsa aka yi dokar.

Shi wannan Kalilu ɗan majalisa ne, wakilin Shiyar Gabas. Ya taɓa cin rani sau ɗaya a Kaduna, ya dawo da tabarau da wata tsohuwar kwat mai maɓalli biyu, kuma tun daga ranar ba a sake yin wata magana a garin ba, ko ta kaciya ce ko ta ciwon jaki, face ya gyara tabarau ya ce, “Kaduna ba haka ake yi ba.” Mutane sun gaji har sun daina gajiya.

Aka taru a zauren Magaji Ibrahima, mai garin, ana tsakiyar bazara, kowa na fifita da bakin riga. Illo Sarkin Fawa ya fara. Ya ce rumfunan kasuwa za a yi, don kowace damina ruwa na dukan nama da gishiri, baƙi daga Gangara da Turba suna watsewa tun kasuwa ba ta ci ba. Arɗo Yero, shugaban Fulanin da ke zaune a bakin fadama, ya ce shi rijiya yake so mai zurfi, da komin shayar da dabbobi, don rijiyar garin ɗaya ce tak, da bazara mata da shanu kokawa suke yi a kanta.

Kalilu ya bari suka gama, ya miƙe, ya ɓalle maɓalli ɗaya ya sake maƙala shi.

“Ranka shi daɗe, duk wagga magana ta ƙauyanci ce. Ɗakin karatu za mu yi.”

“Ɗakin mi?” in ji Illo.

“Ɗakin karatu. Rufin kwano, benci jere, jarida rataye ga bango, da akwatin rediyo mai magana da kanshi. Duk garin da ya waye yana da shi.”

“Wa za shi karanta jaridar?”

“Malam Lawwali mana.”

Malam Lawwali shi ne malamin majalisa, shi kaɗai ya yi boko a garin, kuma shi ne ke ƙirga shanu idan lokacin jangali ya zo. Illo ya dube shi, ya dubi Kalilu, ya ce, “To shi Malam Lawwali ba shi da ɗaki gidansu?”

Zaure ya kwashe da dariya. Kalilu bai ko yi murmushi ba. Abin da bai faɗa ba shi ne, ya riga ya gama ganin kansa a mafarkin ido biyu: ɗakin a ƙofar gidansa, makullin rediyo a aljihun kwat, duk Baturen da ya zo rangadi a nan zai sauka, shi kuma yana miƙa masa hannu, Illo yana leƙe daga nesa da ƙarnin nama.

Magaji Ibrahima mutum ne da ba ya son hayaniya. Al'adarsa ya saurari kowa, ya tauna goro, ya ce a je a dawo, sannan ya yanke abin da dattawa suka riga suka raɗa masa. Ya buɗe baki ke nan zai ce a je a dawo, Kalilu ya tare shi.

“Ranka shi daɗe, Kaduna ba haka ake yi ba. Layi ake yi. Kowane aiki a aje alamarshi, duk mai biyan haraji shi tsaya bayan abin da shike so, a ƙirga. Layin da ya fi tsawo shi ya ci. Kuma tsaye ake tsayawa, wanda ya zauna ko ya tsuguna ba a ƙirga shi.”

Arɗo Yero ya jingina haɓa a kan sandarsa. “To shanu fa? Su ma suna biya. Wallahi abin da saniyata guda ke ba Gwamnati ya kusa naka, Kalilu, kuma ita ba ta surutu.”

Kalilu ya yi dariya har da buga cinya. Shi fa a ganinsa ya san Fulani ciki da waje. Bafulatani ya jera shanunsa a gaban malamin jangali da rana tsaka? Mutanen da in an ce ga mai ƙirga nan tafe, kafin ya sauka daga doki rabin garke ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar da Faransa ke mulki? Ai shi shaida ne, don shi kansa yana da shanu a rugar Yero da aka daɗe ana tsallakawa da su, alhali a gari rantsuwa yake yi ko akuya ba shi da ita.

“Kawo su, Arɗo!” in ji shi. “Duk saniyar da ta biya jangali a ƙirga ta kamar mutum. Ni nic ce. In ka isa ka jera su gaban Malam Lawwali, bismilla.”

“Ranka shi daɗe ka ji?” in ji Yero.

“Na ji,” in ji Magaji, yana neman inda zai tofar da goro.

Illo bai haƙura ba. “To wanga ɗaki naka, ina za a aje shi? Bisa kanka?”

Nan ne Kalilu ya ga wurin da zai gama da su gaba ɗaya. Ya buɗe hannuwa. “Zaurena. Na ba majalisa filin zaurena kyauta, don Allah, a yi aikin da ya ci.”

Malam Lawwali ya ɗaga kai. “Aikin da ya ci za ni sa, ko ɗakin karatu?”

“Malam, mi ne bambancin? Sa aikin da ya ci.”

Liman ya ɗaga hannu, aka shafa fatiha a kan kyautar, aka sa ranar kasuwa mai zuwa don yin layi.

Washegari da sassafe matarsa Habi tana wanke gero sai ta ji rugugi, ƙura ta turnuƙe tsakar gida. Ta fito a guje, ta iske Kalilu a kan bango da gatari, azarar zaure a ƙasa, maƙwabta sun yi cirko-cirko suna kallo. Zauren nan kakansa ya gina shi. A nan ake sallama, a nan baƙo ke tsayawa, shi ne ya raba idon titi da cikin gida.

“Malam! Lafiyarka ƙalau?”

“Koma ciki, Habi. Aikin gwamnati ne.”

“Wane ciki? Ka bar wani ciki ne? Ga mai tallar manja can yana kallon tukunyata!”

“So nike mutane su gani da idonsu ba wasa nike ba. In sunka ga fili a share, wa za shi tsaya bayan wuƙar Illo? Kwana kaɗan ki ga kwano yana walƙiya nan, matan gari su mutu da hassada.”

Habi ta share ƙurar fuskarta da gefen zane. Ba mai yawan magana ba ce, shi ya sa in ta yi ake jin tsoro. “Ni dai ɗiyar mutane ce, ba a kasuwa anka haife ni ba. Za ni haƙura da zana har ranar layin nan naka. Ran da ta tabbata gidan ga ba shi da zaure, ni ma ba shi da ni.”

“Haba, Habi, ke ma ƙauyancin?”

Ta koma kan wankin geronta. Ya kafa zana biyu a inda bango yake, ya ɗaure da igiya, ya ce ai ma iska ta fi shiga.

Daga nan ya shiga neman jama'a. Ya raba goro, ya sa aka dama fura, ya bi majalisun dare da na rana yana kwatanta yadda rediyo ke magana ba a ba shi abinci ba. Ya je har Isa ya aro fallen kwano guda a wajen wani mai sayen gyaɗa don ya zama alama. A hanya iska ta kaɗa kwanon ya yi ƙara, jakin ya zubar da shi da kwanon a cikin ƙaya, ya iso gari da yamma yana ɗingishi, kwano a ka, jaki ya riga shi isowa. Da aka tambaye shi sai ya ce da gangan ya sauka, kayan gwamnati ba a ɗora wa jaki.

Babbar dabararsa kuwa ita ce tsoho Bawa, mahaifin Habi. Allah ya ba Bawa 'ya'ya mata da yawa, mafi yawansu ya aurar da su a cikin gari, har ana cewa in ka jefa dutse a Tudun Marke kan surukin Bawa zai faɗa. Kalilu ya lissafa cewa in tsohon ya shiga layinsa, to duk surukan nan dole su biyo, ga 'yan'uwansu, ga abokansu. Da yake ba ya iya tunkarar suruki da irin wannan magana, sai ya aika da ƙwaryar goro ta hannun liman. Bawa ya aiko da cewa ya ji, zai zo, ko da yake bai gane ko mene ne za a yi ba.

Ranar kasuwa da hantsi gari ya taru a filin da zauren Kalilu yake da, don shi ya nace a nan za a yi, kowa ya ga wurin. Aka jingina fallen kwano a jikin zana. A tsakiya Illo ya ajiye teburinsa na nama da wuƙa a kai. Can gefe, nesa kaɗan, mutanen Yero suka ajiye komi suka cika shi da ruwa. Magaji ya zauna a inuwa, Malam Lawwali a gefensa.

Kai, da farko abin ya yi wa Kalilu kyau! Goro ya yi aiki, kwano na ɗaukar ido, layinsa ya miƙe har ya sha kwana. Na Illo mahauta ne da 'yan koli da masu gishiri. Bayan komi kuwa Fulani ne ƙalilan da wasu tsofaffi da matansu suka ce kada su kuskura su dawo gida in ba bayan ruwa suka tsaya ba. Ko saniya ɗaya babu. Kalilu ya riƙa kai da kawowa, hannu a baya, yana gyara wa mutane tsayuwa.

“Sarkin Fawa, layinka ko na masu jiran tsire?”

“Bari dai a ƙirga,” in ji Illo.

“Arɗo, ina shanun? Ko sun tahi Maraɗi gaisuwa?”

Yero ya ce, “Suna tafe,” ya ci gaba da kallon ƙasa.

Sai ga tsoho Bawa ya ɓullo da sandarsa, yana tafe a hankali. Ya tambaya ina ne wurin mijin Habi, aka nuna masa. Da yake babba ne, ba wanda zai bar shi a baya, sai aka yi ta matsa masa har ya kai tsakiyar layi, ya tsaya yana waige-waige yana neman wanda zai gaisa da shi.

Jama'a, ashe nan gizo ke saƙa. Layi fa ƙirji da baya ake tsayawa. Wane ɗan mutunci ne zai manna ƙirjinsa a bayan surukinsa, ko ya juya masa ƙeya? Mutumin da ke gaban Bawa ya waiga, ya ga wanda ke bayansa, ya tuɓe takalma ya sulale. Na bayansa ya ja hula ya rufe ido ya bi shi. Kafin ka ce me, duk wanda ke auren ɗiyar Bawa, da wanda ƙanensa ke aure, da wanda ke nema bai samu ba tukuna, sun zame ɗaya bayan ɗaya. Kuma da yake kowa so yake ya yi nisa da tsohon iyakar iyawa, sai suka wuce teburin Illo suka tattaru can bayan komi.

“Kai! Ku dawo! Ina za ku?” Kalilu ya ruga yana jan rigunansu. Garin haka ya yi kiciɓis da Bawa, ido cikin ido. Ba shiri ya watsar da takalma ya zube ƙasa.

“Baba, ina kwana.”

“Wa ke nan? Af, Kalilu. Lafiya lau. Ƙaƙa gida?”

“Lafiya lau, Baba.”

“Ƙaƙa zafi?”

“Lokacinshi ne, Baba.”

Bawa kunnensa ya yi nauyi, kuma mutum ne mai son gaisuwa. Ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya tambayi jakin da ya ji an ce ya yar da wani, ya koma kan gida. Kalilu na tsugune, gumi na bin kwat, yana kallon layinsa na narkewa ta gefen ido. Illo ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Malam Lawwali, a fara ƙirga yanzu. Na tsugune dai an ce ba a sa shi.”

Ana cikin dariyar wannan sai aka ji kuka daga yamma, umbuu, umbuu. Shanun Yero ne, ƙanensa na gaba yana kiransu, suka ratso kasuwa suka zo suka tsaya bayan komi kamar an koya musu. Duk wanda ya san rugar Yero ya san ko rabin rabi bai kawo ba. Ya zaɓo daidai waɗanda Gwamnati ta sani ne, waɗanda aka biya wa jangali bara, sauran suna can inda suke. Kowa ya gane, kowa ya yi shiru, Malam Lawwali ma ya gane, amma ba abin da zai ce.

Aka ƙirga. Layin Illo ya zo na baya. Layin kwano, duk da zubewar surukai, da sauran ƙarfinsa. Amma da aka haɗa mutane da shanu, layin komi ya ɗara shi da kamar goma.

Kalilu ya waiwaya. Ya dubi zana, ya tuna maganar Habi. Goma kacal! Shi kuwa yana da abin da ya fi goma a ruga suna cin ciyawa a banza. Sai ya ɗaga murya.

“Tsaya! Ba a gama ba! Arɗo, ina nawa shanun?”

Yero, wanda duk da komai ba ya son ya ga an tozarta mai ba shi amana, ya yi fuskar mamaki. “Shanu? Kai, Kalilu, ko akuya gare ka?”

“Kada ka raina mani wayo! Shanuna da ke hannunka!”

“Ranka shi daɗe, rana ta buge shi. A ba shi ruwa,” in ji Yero.

Magaji ya yi tari mai ƙarfi, irin wanda ake yi wa mutum don ya dawo hayyacinsa. Liman ya ce, “Kalilu, zo ka zauna inuwa.” Ina! Kalilu ya riga ya hau.

“Ni za a mai da matsiyaci gaban jama'a? Jar saniya mai karyayyen ƙaho ta wa ce? Baƙin bijimin nan da babu irinshi har Kurawa na wa ne? Da farar da ta haifi tagwaye? Shekara bakwai suna hannunka, Yero, ka rantse ba nawa ba ne!”

Yero ya ɗaga kafaɗa. “To. Naka ne.”

Malam Lawwali ya gyara zama, ya yi magana a hankali kamar mai tambayar hanya. “Shekara nawa kac ce, Kalilu?”

A nan ne Kalilu ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Amma ya riga ya fito, kuma mutum irinsa ba ya komawa baya a gaban Illo. Malam Lawwali ya bayyana cewa bisa dokar da Kalilu ya kawo da kansa, saniyar da ba ta biya ba ba a ƙirga ta. In yana so a ƙirga su, sai ya biya na duk shekarun da suka wuce, da tara a kai, kuma tunda ba a yawo da irin wannan a aljihun kwat, sai a riƙe baƙin bijimin.

Bijimin nan Kalilu ya fi son shi da wasu danginsa. Amma ya dubi kwano yana walƙiya, ya ce, “A riƙe. Ɗakin karatu ya fi bijimi. A kawo su!”

Aka je aka koro su. Suka shigo fili, jar mai karyayyen ƙaho a gaba. Kalilu ya tare su da hannuwa a buɗe yana cewa, “Nan, nan, bayan kwano.” To su shanun nan ba su san shi ba. Tun suna 'yan maruƙa muryar Yero suka sani, shi kuwa Kalilu sai dai ya je a ɓoye ya leƙa su daga bayan geza. Ga ƙishirwar bazara, ga ƙanshin ruwa, ga 'yan'uwansu can tsaye. Jar ta shinshina kwat ɗinsa, ta kauce, ta nufi komi, sauran suka bi ta.

“Arɗo, kai ka kira su!”

“Bakina rufe yake,” in ji Yero. “Kowa shi tsaya bayan abin da shike so, kai kac ce.”

Kalilu ya kama wutsiyar farar, ta ja shi har ya faɗi a gwiwa. Ya tashi ya rungumi wuyan wani ɗan maraƙi, uwar ta juyo, ya sake shi. Illo yana riƙe da ciki yana cewa, “Yi musu Turanci, Kalilu, wataƙila ba su jin Hausa!”

Sai wata dabara ta faɗo masa, irin dabarunsa. Ya ce Kaduna ƙararrawa ake bugawa kowa ya koma wurinsa. Ya fizgo fallen kwano, ya zagaya bayan shanun, ya ɗaga sandar Bawa da ya wafce ba tare da ya lura ta wa ce ba, ya shiga dukan kwano iyakar ƙarfinsa. Ƙwaram! Ƙwaram! Ƙwaram!

Inna lillahi! Shanun da ba su taɓa jin ƙarar kwano ba, nasa da na Yero duka, suka ɗaga wutsiya. Teburin Illo ya tashi sama, nama ya watse, karnuka suka samu sallah. Layi uku suka zama ba ko ɗaya, mai hawa bishiya na yi, mai faɗawa kan buhun gishiri na yi. Magaji da rawaninsa aka gan shi bayan liman. Baƙin bijimin ya juyo ya ɗauki Kalilu da kwanonsa ya ajiye su cikin komi, ruwa ya yi tsalle, tabarau ya rabu biyu. Sauran garken kuwa suka bi ta inda suka ga ba mutane, wato ta zana. Suka kwantar da ita, wasu ma suka tsaya suna cinta, don bazara ba ta bar musu zaɓi ba.

Sai ga cikin gidan Kalilu a buɗe, tun daga randa har shanyar tsumma. Ga Habi a bakin murhu da ɗaurin ƙirji, muciya a hannu, wata saniya ta sa kai a ƙwaryar dusarta, gari guda na kallonta, har da mahaifinta da ke laluben sandarsa. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye muciya, ta shiga ɗaki ta saki labule. Wannan shirun ya fi wa Kalilu zafi fiye da ƙahon bijimi.

Yero ya yi kira sau ɗaya, shanu suka lafa, suka dawo suka kewaye komi suna shan abin da ya rage a gefen Kalilu. Malam Lawwali ya ce ai ba sai an sake ƙirgawa ba, tunda har mai ɗakin karatun ma yana cikin komi. Magaji ya gyara rawani, ya ce rijiya ta ci, rumfunan kasuwa baɗi in Allah ya kai mu.

“Saura wuri,” in ji Illo, yana kakkaɓe tsokar nama. “Ina za a haƙa ta?”

“Akwai fili,” in ji Malam Lawwali. “An ba majalisa kyauta, a yi aikin da ya ci.”

Kalilu ya fito daga komi yana ɗiga. “Ranka shi daɗe, ai ɗakin karatu nike nufi! Kowa ya san nufina!”

“An tambaye ka, kac ce babu bambanci,” in ji Magaji.

“To na fasa!”

Liman ya girgiza kai. “Kyautar da anka ce don Allah, anka shafa mata fatiha? Kalilu, ji tsoron Allah.”

Bai haƙura ba. Ya bi Magaji har gida, ya bi liman, ya ce filin tudu ne, ko an haƙa shekara ba za a ga ruwa ba, shi ya ga yadda ake auna ƙasa a Kaduna. Masu haƙar rijiya suka zo daga Sabon Birni, suka duba, suka ce tun da suke aiki ba su taɓa samun wuri mai sauƙin ruwa irin wannan ba. Suka kafa turke daidai inda buzunsa yake zama. Suka ce kuma a bar fili gaba da baya don komaye da hanyar shanu, saboda haka bangon gidan sai dai a toshe shi ruf, babu zancen zaure, babu zancen ƙofa ta nan.

Haka Kalilu ya sake ɗaukar gatari, ya zagaya bayan gida, wajen lungun da ake zubar da toka, ya fara fasa bango don ya samu inda zai riƙa shiga gidansa. Yana cikin yi sai ga Illo zai wuce mayanka. Ya tsaya, ya leƙa ramin, ya leƙa Kalilu.

“Sannu da aiki, wakili. Mi ake ginawa yau?”

Kalilu ya share gumi, ya gyara rabin tabarau da ya ɗaure da zare. “Ƙofa nike buɗewa. Dama can ƙofar gaba hayaniya gare ta. Babban mutum ba shi son a san shigarshi da fitarshi. Kuma rijiyar nan da kuke gani, in ba don ni ba, wa za shi kawo ta cikin gari? Ka tambayi kowa filin wa ne.”

Illo ya buɗe baki zai ba shi amsa, sai muryar Habi ta fito ta cikin ramin, a natse, ba faɗa ba tsawa.

“Malam, ƙara faɗinta ta hannun dama.”

Kalilu ya washe baki. Tun ranar layi ba ta ce masa uffan ba. Ya dubi Illo da alfahari. “Ka ji ko? Ita ma ta gane tsarin. Habi, ai wannan ta ishe mu shiga.”

“Ba don shiga ba ne,” in ji ta. “Gadona ba shi wucewa ta nan, kuma masu ɗauka suna hanya.”

Illo, mutumin da bai taɓa rasa abin cewa ba, ya sunkuyar da kai ya wuce abinsa. Kalilu ya tsaya riƙe da gatari, yana jin masu haƙa suna waƙa a ƙofar gidansa ta da. Can ya ɗaga gatarin ya fara sarar bangon ta hannun dama.